Na Yi wa Surukina Musu a Kan Tsarin Mulkin Ingila

Lahadi da dare

Na kasa barci. Yau a taron ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna ƙasar waje, bayan an tashi daga coci, Baba, mahaifin mijina, ya ce ba zai sauka daga shugabanci ba tunda ba mu taɓa rubuta wa'adi ba. Har ya ce, "Ingila ma ba ta da rubutaccen tsarin mulki, ga ta nan lafiya lau."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Baba, a gafarce ni. Nasu ba a littafi ɗaya yake ba, amma yana nan: dokokin majalisa, hukunce-hukuncen kotu, da al'adar da kowa ya amince da ita. Al'adar ce ke sa firaministan da majalisa ta juya wa baya ya sauka da kansa."

Na koma na zauna. Kuma ni da mijina a gidan Baba muke zaune fa!

Tun daga titin Wendover, inda aka yi taron, har gida a McLeansville idon mijina na kan hanya, sai tuƙi. Ɗazu Mama, matar Baba, ta leƙo ta ce, "Babanku na son ganinki da safe." Na tambaye ta ko ransa ya ɓaci. Ta ce, "Tuwonsa dai yana can a rufe, bai taɓa ba."