Jitar da Baba Ya Zaɓa

Zuwa ga Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Hajara da yara, da zaman Ikko? Mu nan Mafara lahiya lau.

Tun da ruwan dam ya ci gonarmu ta Maradun Baba bai sake taɓa gangar nomanshi ba, kunnenshi kuma ya yi nauyi. To, ran Talata wani makaniken dam ya kawo jitar lantarki biyu masu tsirkiya huɗu da babbar murya, in zaɓa ma 'yan kiɗanmu ɗaya. Ɗaya ja mai ƙyalli, ɗaya tsohuwa baƙa; ni jar nike so. Sai Baba ya ce in kaɗa kowacce, ya aza tafin hannu bisa sifika yadda yake gwada fatar ganga. Jar, ya ce bakinta kawai ke magana. Da na kaɗa tsohuwar baƙar, ya daɗe bai janye hannu ba. Ya ce, "Wagga da ciki take magana, Lawali. Ƙara."

Yaya, har la'asar ina kaɗa mashi. Baƙar na ɗauka.

Ka gaida Hajara. Ku sa mu cikin addu'a, don jiya na iske ya sauko da gangar yana shafa mata mai.

Ƙanenka,
Lawali