Irin da Ya Dawo daga Holan

Litinin, 4 ga Maris
Matar nan ta Holan, Liesbeth, ta yarda za ta aiko da irin furen nan namu da ya ɓace. Kakanta ne ya tone furen a dutsenmu ya tafi da shi, daga baya masu gonar inabi suka nome ragowar. Yau ni ce ke roƙon jikar ɓarawo kayan gidanmu. Har da cewa tana "farin cikin taimakawa". Ba zan gode mata ba.

Mama, wadda ta makance, ta ce ganyen kawai take so ta murza ta shinshina, kamar lokacin da take yarinya. Likita ya ce ba za ta kai ƙarshen shekara ba.

Alhamis, 18 ga Afrilu
Ruwan farko ya sauka. Yanzu ne lokacin shuka, irin kuwa yana tsare a filin jirgin Cape Town. Wai baƙon tsiro ne, sai an bincika ko zai cutar da ƙasa kafin jami'i ya buga masa hatimi. Baƙo! Ya riga kakan mai hatimin zama a nan.

Asabar, 25 ga Mayu
Shiru. Yaya Dawid ya ce duk littattafan da na haɗiye ba su kai hatimi ɗaya ba. Na ce shi da bai haɗiye komai ba sai giya, me ya kawo?

Talata, 2 ga Yuli
Sun sako shi, a makare. Na shuka duk da haka. Irin dutsenmu ba ya farkawa sai ya ji hayaƙin gobarar daji, don haka na ƙona ciyawar dutse a tsohuwar ganga, na turara kwandunan shukar. Liesbeth ta rubuto cewa a wurinsu bai taɓa tsirowa daga iri ba, reshe suke dasawa, kuma nata na ƙarshe yana mutuwa. Ta tambayi dabarata. Ban amsa ba.

Mama ta ji hayaƙin daga gado. "Griet, dutse ne ke ci da wuta?" Na ce a'a. Ta ce, "Ashsha. Bayan wuta yake fitowa."

Lahadi, 21 ga Yuli
Ƙasa kawai a kwandunan, ba tsiro.

Juma'a, 9 ga Agusta
Mun binne Mama jiya. Ba na son rubuta komai.

Laraba, 28 ga Agusta
Tsirran sun fito. Ƙanana, kamar gashin ido. Na murza ɗaya, abin da bai kamata in yi ba. Ban san ko ƙanshin da Mama ke nufi ke nan ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.

Dawid ya tsaya a kansu, hularsa a hannu, bai yi tsiya ba.

Na jiƙa takarda da ruwan da na turara da hayaƙin ciyawar dutse, na shanya, na sa a ambulan zuwa Holan da bayanin yadda ake yi. Ba don ita ba. Furen ne bai kamata ya rage a hannun mutum ɗaya ba, ko da ni ce. A ƙasan bayanin na rubuta sunan Mama. "Na gode" da ke bayansa kuwa, alƙalami ne ya zarce.