Kai Za Ka Kawo Kai

Zuwa ga Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya aiki? Tunda ka zama babban mutum ba ka ɗaukar waya, ga takarda nan ta hannun direba. Monitar ajinku ce, kuma har yau ban sauka daga mulki ba.

Gwani mai aski ba lafiya. Hawan jini ya kayar da shi a shago, ya farfaɗo hannun dama ba ya riƙe ko cokali. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun ne ya ƙi. Tun da aka sallame shi yake zaune a falo yana kallon bango, shago a kulle. Wanda ya ba shi hayar shagon ya ce in wata ya ƙare ba a buɗe ba zai ba wani, ga wani mai gyaran waya nan yana ta zarya.

Mu 'yan aji muka taru, muka yi abin da muke ganin dabara ce. Gajere ya samo masa gadi a ma'aikatarsu, zama ne kawai da buɗe ƙofa. Muka kwasa gidan da fara'armu, kowa na "sannu Gwani, sannu Gwani." Wallahi Dogo, korar mu ya yi. Ya ce ya ƙoshi da sannu, shi mai aski ne, in ba aski ba a bar shi ya ruɓe a kujera. Matarsa ta raka mu bakin ƙofa tana kuka. Ni ma na yi nawa a mota, amma ban haƙura ba. Benci ɗaya kuka zauna da shi, ka kawo shawara.

A gaida madam da yara.
Monita

Ranki ya daɗe Monita,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma na yi matuƙar jimamin halin da ɗan'uwanmu yake ciki. Allah ya ba shi lafiya. Ayyukan ofis sun yi mini yawa, saboda haka zuwa zai yi wuya a wannan watan. Sai dai na ba direba sabon injin aski marar nauyi, a kai masa.

Wani abu kuma ya faɗo mini. Kin ce hannun dama ne ya ƙi. To ai Gwani bahago ne. A aji ɗaya kullum gwiwar hannunsa tana karo da tawa a benci, har malamin rubutu ya sa shi a gaba da rula, yana kumbura masa yatsu, sai da ya koma dama. Ina jin ko matarsa ba ta san wannan ba. A gwada hagun.

Ki huta lafiya.
Naki a kullum, Dogo

Dogo,

Salam, da fatan kana lafiya. Allah ya yi maka albarka! Ashe ba suma kaɗai ke kan nan naka ba.

Na je na damƙa masa injin a hannun hagu. Ya ce, "Wa ya gaya miki?" Na ce Dogo. Ya jujjuya shi a hannu, sai na ji injin ya ɗauka.

Yanzu matsalarmu kai. Wa zai miƙa kansa ga hannun da bai taɓa aski ba? Na tara maza 'yan aji a shagon, na ce kowa ya cire hula. Innalillahi! Sanƙo daga bakin ƙofa har bango. Gajere yana da 'yan tsiraru a ƙeya, kafin ya gyara zama Gwani ya share su. Likitan ajinmu ya ba da gemu, shi ma bai kai ya kawo ba. Gwani ya ce wannan wasan yara ne, ba zai buɗe shago ba sai ya ga hannunsa a kan cikakken kai. Da ni namiji ce, da tuni an wuce wurin.

Duk ajinmu mutum ɗaya ya rage da suma. Na san yadda kake ji da ita, tun muna yara mataji ke aljihunka. Amma wata ya kusa ƙarewa. Kai ka kawo shawara, kai za ka kawo kai. Kada ka aiko mini da direba, shi ma na ga nasa.

Sai na gan ka.
Monita

Monita,

Ina gaisuwa. Kin tura ni kin gudu makarantar da kike koyarwa, to ga abin da ya faru.

Na tarar 'yan aji sun share shagon sun goge madubi. Gwani ya dube ni ya ce, "Kai? Da sumar taka?" Na ce ɗaura mini zanen kawai. Ya ɗaura da hagu da haƙori. Injin na taɓa ni hannun ya ƙwace, ya buɗe mini titi daga goshi har tsakiyar kai. Gajere ya saki salati. Gwani ya kashe injin ya ajiye, ya ce a ba mai waya shagon, ya nufi ƙofa.

Ban san lokacin da na damƙo rigarsa ba. Na ce, "Ka ɓata mini kai sannan ka gudu? Wallahi ba na tashi daga kujerar nan da rabin kai, ko kwana za mu yi!" Muka yi ta kallon juna ta madubi. Raina ya ɓaci, kuma tausayinsa ya cika ni, amma ban sake shi ba. Can ya miƙa hannu ya ɗauki injin.

Ya gama a hankali, gumi na ɗiga mini a wuya. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Madam ta yi dariya har da zama a ƙasa, a ofis kuwa hula ta zame mini dole. Ko zai buɗe, ban sani ba. Makullin dai ya sa a aljihu. Sumar na tsirowa zan koma.

Ki gaida kowa.
Dogo

Dogo,

Salam. Rubutun nan nawa ne, ka yi haƙuri da karkatarsa. An ce kana yawo da hula kana ɓata mini suna. Ka zo Asabar in daidaita maka gefen.

Amma ka yi sammako, layi za ka bi. Jiya wani ya shigo ya zauna. Ban san shi ba, bai san ni ba, ba ɗan ajinmu ba ne. Da na gama ya duba madubi, ya ce gobe zai kawo ɗansa.

Na gode.
Gwani mai aski