Mai Kawo Shayi

Morris Heights, Bronx
9 ga Afrilu, 2016

'Yata Firdausi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da babanki da ƙannenki. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sanyin ma ya yi sauƙi.

Babanki ya ce za ki fita daga wasan kwaikwayon makarantarku don an sa ki 'yar aiki mai kawo shayi. To, saurara.

Tsohuwar da nake kula da ita, Madam Ottabiya, 'yar Italiya ce. Ta yi wasa a dandamali a Napoli, ta fito a finafinai fiye da talatin. Amma da farko shekara bakwai ta yi tana shigowa da tire kawai ta ce, "Ga shayi." Da na ba ta labarinki, ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Suwaiba, gaya mata kullum daban nake ajiye tiren: yau da fushi, gobe kamar na jiyo wani sirri a bakin ƙofa. A haka mai shirya fim ya gan ni."

Kada ki fita, Firdausi. Ki gwada a gaban madubi.

Ni ma da na shekara goma sha biyu riƙe da alli a aji, tire nake ɗauka yanzu. Ba sai kin gaya wa Inna ba. Jiya na ajiye shi kamar sarauniya, Madam ta tafa mini.

Ki aiko mini hoton ranar wasan, da tiren a hannunki. Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki,
Suwaiba