Ramin da Ke Ƙarƙashin Kujerar Baya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni ce Sa'ida, ɗiyar marigayi Shamsuddeen mai gyaran jikin mota a Ƙaura Namoda. Da hannuna nake rubuta wannan, hankalina yana jikina, ba zazzaɓi ne yake magana ba. Zuwa ga Yazid da Kubra, ƙannena da na goya tun rasuwar Inna. A raina ban taɓa kiran ku komai ba sai ɗiyana.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ran da aka kai ni Gusau, na ji abin da likita ya faɗa wa Gwaggo Azumi. Sun zaci barci nake. Ya ce zuciyata ta kumbura, ko an kai ni Zariya an yi aiki, ba ya sa rai sosai. Na yi shiru don kar in ƙara mata kuka. Rai na Allah ne, amma ƙafafuna kullum ƙara nauyi suke yi, shi ya sa zan faɗi abin da ke raina tun ina iyawa.

Na ɗaya. Malamarmu ta Islamiyya ta ce ba a yi wa mai gado wasiyya, don haka waɗannan kyauta ce na ba ku tun ina raye. Kubra, ki ɗauki shuɗin hijabina da akwatin Inna. Hijabin zai ja miki ƙasa. Kar ki yanke shi, ki naɗe bakin ki ɗinke, za ki girma. Yazid, naka ne maganaɗisun Baba, wanda ya ciro daga tsohuwar rediyo.

Na biyu. Tasar Indo maƙwabciyarmu tana ƙarƙashin gadona. A wanke ta a mayar mata, a yi mata godiya.

Na uku, maganar Fijon Baba, tsohuwar motarsa, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro. Shekara da shekaru tana ɗauko gishiri da kanwa daga kasuwar Shinkafi, da damina ruwa ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗa, har tsatsa ta huda ƙasanta wajen kujerar baya. Baba ya yi niyyar gyarawa, kwana ya ƙare. Yanzu Yaya Dikko, babban wanmu, ya samu mai saye, Amadu direba. Zai riƙa ɗaukar mata zuwa Zurmi, tunda Shari'a ta zo an ware wa mata motocinsu. Da kuɗin za a kai ni Zariya. Yaya yana sauri saboda ni. Ya shimfiɗa kwali kan ramin, ya shafe da fila, kwaɓin nan da ake cike lotsawar mota da shi, ya bi da baƙin fenti. Ta yi kyau a ido. Amma da na lallaɓa da dare zuwa ƙofar gida inda take ajiye, na ɗora maganaɗisun a wurin, bai kama ba ko kaɗan. Babu ƙarfe a nan. Daidai wurin ne mace za ta ajiye ƙafarta, ko ta tsayar da ɗanta idan mota ta cika. Kun san kuma ramukan hanyar Zurmi.

Na huɗu. Yazid, kai ne za ka koyi aikin nan, to ka ji yadda Baba yake yi. Ni ba na iya fita gareji saboda kunyar mutane, sai ya riƙa shigo mini da ƙofofin mota tsakar gida ina goge masa da samfefa. Tsatsar da ke sama, ka goge ta har ƙarfe ya fito fari, kar ka bar ko ɗigon ja. Wadda ta huda, ba a goge ta, yanke ta ake yi, kuma ka wuce inda ido yake gani, don ta riga ta yi gaba ta ƙarƙashin fenti. Sai ka yanko sabon ƙarfe daidai ramin, ka yi walda, ka shafa jan fenti a ranar, kar ƙarfen ya kwana tsirara ya sha raɓa. Fila ta lotsawa ce, ba ta rami ba. Aikin yana cin lokaci, yana cin fatar yatsu. Nawa sun daɗe ba su da santsi, ban taɓa jin haushi ba.

Na biyar. Kar in ji ɗayanku ya riƙe Yaya Dikko a zuciya. Ya san aikin fiye da ni, tsoron rasa ni ne ya sa ya rufe ido. Shi ne ya sayar da kekensa da ciwon ya fara. Idan ya yi fushi da ni bayan wannan, ku bar shi ya yi, ku kai masa tuwonsa gareji kamar kullum. Yaya, idan takardar nan ta zo hannunka, ka yafe mini. Ka yanke wurin ka yi walda, Yazid ya riƙe maka ƙarfen. In ta gyaru, ka sayar ko ka riƙe, duk wanda ka ga ya fi.

Allah ya yi muku albarka, ya raya ku cikin imani. Ku zauna gida ɗaya, ku ci a kwano ɗaya, ku ji maganar Gwaggo ko da tana faɗa. Kar a raba Kubra da Yazid, ba ta iya cin abinci in ba ya kusa. Ku riƙa yi wa Inna da Baba addu'a, ku sa ni a ciki.

Gobe da hantsi Amadu zai zo ɗaukar motar. Ban taɓa yi wa baƙon namiji magana ba, ko gaisuwa sai an tilasta ni. Amma na roƙi Gwaggo ta kama ni zuwa zaure, ban gaya mata dalili ba. Daga bayan labule zan ce masa ya ɗaga shimfiɗar baya ya danna da ƙafarsa. Na san daga nan babu zuwa Zariya. Na yarda.

Sa'ida Shamsuddeen