Motocin Gwangwanina Goma Sha Ɗaya

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tsaro na unguwarmu, Ƙanƙara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Alhaji yana lafiya, da iyali, da jama'arsa. Allah Ya nuna mana ƙarshen wannan fitina da ta hana mu gonakinmu.

Ni ne Malam Sule mai gwangwani, dattijon nan na bayan kasuwa wanda mutanenka suka shiga ɗakinsa sati uku bayan babbar sallah. Sau huɗu ina zuwa ofishinka, sau huɗu ana ce mini ka tafi taro. Tunda ganinka ya gagara, ga maganata nan a rubuce, kowa ya karanta.

Na farko, abin da aka kwashe. Ƙananan motocin soja ne guda goma sha ɗaya, babbar cikinsu ba ta wuce kamu ɗaya ba, da littafina na awo. Da hannuna na ƙera su, da gwangwanin madara da na tumatir, na liƙe da dalma. Tayoyin na tsohon silifas ne. Tankar yaƙin nan da aka ce ta tsorata ku, sarƙar keke ce a ƙafarta, bakin bindigarta kuwa bututun biro ne. A cikin buhun taki aka zuba su, kamar dankali, ina tsaye ina roƙo a bi a hankali.

Na biyu, laifin da aka ce na yi. Wai an gan ni ranar kasuwa ina zagaya motar soja mai sulke, ina taku ina rubutu, don haka ina kai wa 'yan daji labari. Gaskiya ne na zagaya ta, ban musa ba. Alhaji, ni ba na ƙera mota da ka. Taku ɗaya a jikin babbar mota, tsinken ashana ɗaya ke nan a jikin tawa. In ban auna ba, taya sai ta fi ƙofa girma, abin ya koma wasan yara. Sai da na nemi izinin sojan da ke gadinta, ya yi dariya ya ce in auna, har ya nuna mini inda ƙofar baya take buɗewa. Wautata ita ce ban tuna cewa a garin nan yanzu mai ƙirga tayar soja abin zargi ne ba. Na ɗauki wannan. Amma don Allah, wane ɗan bindiga ne zai biya kuɗi a faɗa masa mota tana da taya shida, alhali yana ganinta da idonsa?

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sakat. Ba ku kama ni ba, ba ku kuma wanke ni ba. Kun ce ana bincike, kuka yi shiru. Shirun nan ni yake ci. Matan da ke aiko mini da fitila da mazurari gyara sun daina. Malam Iro, abokina tun muna kiwon awaki, in ya hango ni sai ya tsaya duba tayar kekensa har in wuce. A masallaci ana barin gurbi tsakanina da na kusa da ni, liman ya ce a daidaita sahu, a haɗa ƙafa, kowa ya matsa can. Shekarata sittin da bakwai, ban taɓa sanin mutum zai yi sallah cikin jam'i ya ji shi kaɗai ne ba sai bana.

Za ka ce me ya kai tsoho ga ƙera motar soja? Lokacin da aka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Yargoje, babbar motar soja ce ta kwaso mu. Ni da mai ɗakina Hajara muka zauna a baya, ƙarƙashin tamfol, tana riƙe da tukunya ɗaya da ta samu ɗauka. Damina biyu ta yi a garin nan Allah Ya karɓi abarsa. 'Ya'yanmu suna can wajen neman abinci, sai dai waya. Gona ta gagara zuwa. Hannun da ya saba aiki ya rasa abin yi, sai na zauna na ƙera motar nan daga abin da na tuna. Da na zo yi mata tamfol, na yanki bakin zanen Hajara, shuɗin da ta fito da shi ran nan. Sauran zanen an bayar sadaka tare da kayanta. Ita ce motata ta farko, sauran goman bayanta suka biyo. Da safe ita nake fara gogewa, ina yi ina ba ta labarin gari. Yanzu ina tashi in tarar da katakon da suke kai fayau, sai shatin tayoyi. An kuma ce mini ɗakin ajiyarku yana yoyo, ga ɓeraye.

Don haka ina roƙo. A kai littafina ga duk wanda ya san aikin soja ya duba, in ya ga abin cutarwa a hukunta ni, na yarda. In bai gani ba, a faɗa a fili kamar yadda aka kwashi kayana a fili. In dole sai kun riƙe wani abu, ku riƙe goman har da tankar, ku ba ni mai shuɗin tamfol kafin ruwa ya ci ƙyallen.

In kuma magana a bainar jama'a ta yi maka nauyi, akwai mai sauƙi. Ka zo masallacinmu sallar la'asar sau ɗaya, ka tsaya a gurbin nan da ake bari kusa da ni, ƙafarka ta taɓi tawa. Ba sai ka ce komai ba, mutane za su gani.

Allah Ya tsare ka da mutanenka a duk inda kuka shiga, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya sa kada ka tsufa kai kaɗai.

Wassalam.

Malam Sule mai gwangwani,
Bayan kasuwa, Ƙanƙara.