Ɗorawar Inna Barira da Kibiyar Komawa Baya

Unguwar Maƙera, Dawakin Tofa
Ranar Litinin

Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Sakinatu da yara. Baba da Inna suna gaishe ku.

Albishirinka, shafin intanet ɗin nan da na dame ka da zancensa ya kammalu. Wata uku ina bin gonakin garin nan ina ɗaukar hoton kowace gona da kowace bishiya. Ka san halin garinmu, gona ta wani, bishiyar da ke cikinta ta wani daban. Yanzu in ka taɓa sunan mutum, sunan zai fito a sama, hoton abin da ya mallaka kuma ya fito a wata taga da na dasa a tsakiyar shafin. Dagaci ya ce a nuna wa dattawa ranar Juma'a, in sun amince ya zama abin dubawa idan an yi gardama. Tun da ya faɗa bakina ya ƙi rufuwa.

Sai dai jiya na ɗebo ruwan dafa kaina. Na kai wa Malam Basiru ya gani. Muka duba ɗorawar Inna Barira, wadda ke tsakiyar gonarsa, sannan muka duba gonar tasa. Sai ya ce in an zaga iyaka, ta hanyar da aka bi ake dawowa a sake dubawa. Ya sa yatsa ya danna kibiyar komawa baya. Ni wallahi ban taɓa danna ta ba, sunaye kawai nake bi. Yaya, hoton ɗorawar ya dawo, amma sunan Malam Basiru yana nan daram a kanta.

Ɗansa Naziru na tsaye, nan take ya ɗauki hoton da wayarsa. Ka san ya daɗe yana son sare bishiyar saboda tarakta ta samu hanya. Yanzu yana yawo da hoton yana cewa ga shaida. Inna Barira kuwa tun rasuwar mijinta da daddawar bishiyar nan take riƙe gidanta. Jiya ko gaisuwata ba ta amsa ba. Don Allah ka duba min.

Ƙanwarka,
Rumaisa

*

Kano
Ranar Talata

Rumaisa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, a gaida su Baba.

Sannu injiniya. Na buɗe shafin, kin yi ƙoƙari, kada kanki ya kumbura. Matsalar ba aljanu ba ne. Tagar da kika dasa shafi ce mai zaman kanta a cikin shafinki. Duk sanda hoto ya canza, burauza, wato manhajar da ke buɗe shafin, tana lissafa shi a matsayin taki ɗaya. In an danna kibiya, tagar kaɗai take komawa baya, sunan da ke sama ba ya motsi, domin shi ba a cikinta yake ba.

Na haɗo miki gyara, layi huɗu ne. Zai sa suna da hoto su riƙa tafiya tare, gaba ko baya. Ki saka yau ɗin nan, kada ki kai wa dattawa abin kunya.

Yayanki,
Uwaisu

*

Unguwar Maƙera
Ranar Asabar

Yaya Uwaisu,

Gaisuwa mai yawa. Ka zauna kafin ka karanta, kuma kada ka yi faɗa: ban saka gyaran ba.

Na yi tunani, in na gyara a ɓoye, hoton Naziru zai zama shi ne na gaskiya, a ce na canza ne don na goyi bayan Inna Barira. Don haka na kai shafin da ciwonsa.

Jiya ana sakkowa daga masallaci aka cika ƙofar gidan Dagaci. Naziru ya miƙa wayarsa, dattawa suna karɓa suna jinjina kai. Na nemi izini, na buɗe gonar Dagaci, waccan babbar ta bakin rafi. Na buɗe ɗorawar Inna Barira. Sannan na ce, "Ranka ya daɗe, danna min kibiyar nan da hannunka."

Ya danna. Ga gonarsa shimfiɗe, ga sunan Barira a kanta.

Sai Liman ya ce, "To, Naziru, in hotonka shaida ne, sai mu taya Barira murna." Dariya har da masu riƙe ciki. Dagaci ya ce a maimaita, na yi da gonar Liman, ita ma ta koma hannun Inna Barira.

Malam Basiru ya miƙe ya ce ɗorawa ta Barira ce, gadonta ce daga mahaifinta, kuma muddin yana raye gatari ba zai taɓa ta ba. Dattawa sun amince da shafin, da sharaɗin a gyara kibiya.

Da safen nan Inna Barira ta shigo gidanmu da kanta, ta ce ashe ita ce mai garin ba ta sani ba. Ta kawo daddawa, na ba direban motar Dawanau rabonka.

Taka,
Rumaisa

*

Kano
Ranar Lahadi

Rumaisa,

Salam. Daddawa ta iso, gidan duk ya ɗauka da ƙamshi. Na janye faɗan da na shirya miki.

Amma ki saka gyaran yanzu, kafin Inna Barira ta iso gonar Baba.

Yayanki,
Uwaisu